Kaset ɗin Batulu

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Muntaka ya jingine tsohon motonsa mai ƙafa biyu a ƙofar wani ɗan gidan rediyo da ke Matamaye. Abin da ya kawo shi bai taka kara ya karya ba. Kaset ɗaya yake so, kuma tun farkon damina yake zarya a kansa.

A da, Muntaka shi ne ƙafar wannan gida. Shi ke hawa moto ya je Damagaram ya karɓo shirye-shiryen da aka aiko daga Yamai a cikin kaset, shi ke ɗaukar waɗanda aka yi a nan ya kai Kance, ya kai Icirnawa, ya kai Kurni. Ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi, ya faɗi a yashi ya tashi, amma bai taɓa barin shiri ya makara ba. Mutanen ƙauye in sun hango shi sai su ce ga labari nan tafe. Sai faifan sidi ya zo, aikin ya ragu. Sai aka kawo wani ɗan abu kamar ɗan yatsa da ake zuba shirye-shirye a ciki, wai shi kile. Daga ƙarshe waya ta gama da kowa. Shirin da yake cinye wa Muntaka yini guda a hanya, yau yaro zai danna shi yana kurɓar shayi, kafin ya ajiye kofi ya isa. Ranar da aka sallame shi hannu aka ba shi, aka ce Allah ya saka da alheri. Ko kujera ba a ce ya zauna ba.

Duk wannan ya haɗiye. Abin da ya rage masa a gidan shi ne muryar matarsa.

Batulu ce take gabatar da shirin mata a wancan zamani. Shirinta na ƙarshe ta yi shi tana da tsohon ciki, a kan yadda mai ciki za ta kula da kanta, kuma a tsakiyarsa ta yi wasa ta yi magana da abin da ke cikinta. Ta haifi Bushra, ba a kai ranar suna ba uwar ta rasu. A lokacin kaset tsada gare shi, ana ɗaukar shiri a kan shiri har zaren ya gaji. Shi ya sa ranar da aka dawo daga maƙabarta Muntaka ya wuce magaze, inda ake tara kaset, ya sa bakin wuƙa ya ɓalle ɗan harshen robar da ke saman nata. Duk ɗan rediyo ya san wannan: in aka ɓalle harshen, rami ya fito, babu rakodar da za ta ƙara ɗaukar magana a kan kaset ɗin, sai fa in an toshe ramin. Ya mayar da shi cikin kabad, domin dokar gidan ita ce kayan rediyo ba su fita.

Bushra ta tashi tana tambayar kaset ɗin uwarta, shi kuma yana cewa sai ta girma, don zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Da ta girma, rakodojin garin duk sun mutu. Yanzu ga ta ta dawo gidansa goyon ciki, cikin fari, kuma tsoro ya hana ta barci. Ta san yadda uwarta ta tafi.

"Baba," ta ce masa wata safiya, kanta a ƙasa, "ina son in ji muryarta kafin in haihu. Ko sau ɗaya."

Ya bincika har ya samu wani mai gyara a kasuwar Damagaram da ke da rakoda mai rai. Saura kaset. Sabon direkter, Adnan, yaro ne mai fara'a da wayoyi biyu, kullum amsarsa ɗaya: a bari komiti ya zauna.

Yau da Muntaka ya shiga sai ya ga ƙofar magaze a wangale. An share, an yi fenti, an jera manyan batura na sola a jikin bango. Babu kabad.

"Direkter, ina kaset ɗin da ke nan?"

Adnan ya ɗago daga kan wayarsa. "Af, Baba Muntaka. Wallahi na manta da maganarka. Wuri muke nema, su kuma tarkace ne, ɓeraye sun gama da rabi. Shekaranjiya mai amalanke ya kwashe."

"Komiti ya zauna ke nan."

"A'a, wannan ai ba sai komiti ba." Ya yi murmushi. "Kar ka damu, yanzu komai yana cikin ordinater, kwamfutar nan."

"Har da Batulu?"

"Wace ce Batulu?"

Muntaka ya dube shi. Ya juya ya fita. Ba shi kaset ɗaya sai an tara mutane an yi shawara, zubar da su duka kuwa mai amalanke ya isa.

A bakin ƙofa Iliyasu mai gadi yana alwala. Tsoho ne, tare suka fara aiki, shi kaɗai ya rage cikin mutanen da.

"Kwazazzabon nan na hanyar Kurni," Iliyasu ya ce a hankali, tun kafin a tambaye shi. "Bayan gonakin gero. Can aka juye su. Amma ka bari sai da safe."

Muntaka ya nuna gabas da haɓa. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin. In ruwan nan ya sauka, kwazazzabo zai cika, kuma da safe ko zare ba za a samu ba.

Iliyasu ya riƙe masa hannun riga. "Abin da aka zubar a juji ya samu masu shi, Muntaka. Ka san wurin nan. In ka ji an kira ka, kar ka amsa."

"Ni yaro ne?" in ji Muntaka, ya buga moto.

Yana fita gari aka fara kiran salla. Ya ce a ransa zai yi ta in ya dawo. Gero ya yi tsawo ya rufe hanya hagu da dama. Masu dawowa daga gona sun riga sun shige. Iska ta tsaya cak, irin tsayawar da take yi kafin ruwa, ƙamshin ƙasa yana tasowa. Babu abin da yake ji sai kukan motonsa.

A bakin kwazazzabo ya kashe moto. Shiru ya rufe shi.

Zaren kaset ya fara gani. Ya rataya a jikin ƙayoyi, ya nannaɗe rassa, baƙi-baƙi yana sheƙi a sauran hasken rana. Babu iska, amma yana motsi. Yana wani ɗan sauti, shuu, shuu, irin wanda rakoda ke yi kafin magana ta fara.

Ya gangara. A ƙasa ga su nan tsibi guda, ɗaruruwa, wasu a fashe, wasu a cikin laka. Ya gane rubutun hannunsa a jikin da yawa. Wannan ya kai shi Kance ranar da tayarsa ta fashe. Wannan ya ɓoye shi cikin riga ranar ruwan ƙanƙara. Ya durƙusa yana tonawa, yana jifa gefe, yana tsaki. Ƙuruciyarsa ce duka a nan, tare da kashin awaki da tsummokara.

Nata yana da alama, ɗigon jan farce da ita kanta ta sa a kusurwa. Bai same shi a cikin tsibin ba. A kan wani faffaɗan dutse ya hango shi, shi kaɗai, a goge tas, kamar wanda aka ajiye da niyya.

Ya ɗauka. Zaren ya ɗan zazzago. Ya zaro bik ɗinsa na rubutu daga aljihu, ya zura a ramin ƙafar da zaren ke naɗuwa a kai, ya fara juyawa. Da zaren ya shige bai tsaya ba, ya ci gaba har ya mayar da shi farko. Haka ya saba. Tsawon aikinsa bai taɓa miƙa wa kowa kaset ba sai ya mayar da shi farko, don wanda zai sa ya danna kawai.

Yana gamawa yatsansa ya shafi saman kaset ɗin. Ramin harshen da ya ɓalle da wuƙa babu shi. An cike shi da jar ƙasa, irin ta ginin zanzaro, an shafe ta sumul.

Sai wari ya zo masa. Warin robar da ta yi zafi, irin na cikin tsohuwar rakoda. A ƙarƙashinsa kuma wani ƙamshi. Humrar Batulu.

"Muntaka."

A bayansa, kusa. Muryarta ce, da ɗan kaushin nan da take da shi in ta tashi daga barci.

"Na'am," ya ce.

Bakinsa ne ya riga shi. A tafin hannunsa ya ji wani ɗan motsi. Ya duba. Ƙafafun kaset ɗin guda biyu sun juya kaɗan, sun tsaya. Babu rakoda, babu batir.

A nan ne abu ya faɗo masa. Batulu ba ta taɓa kiran sunansa ba. Mace ce mai kunya, ko a ɗaki Mai Kaset take ce masa, tana dariya. Har ta bar duniya sunan nan bai fita daga bakinta ba.

"Wane ne?" ya ce.

Ƙafafun suka sake juyawa. Ya yi shiru, suka tsaya.

Ya gane. Wa zai gane in ba shi ba? Kaset yana farko, rami a toshe. Ana ɗauka. Duk kalmar da ta fita daga bakinsa tana hawa kan tata, tana share ta.

Ya sa farce yana ƙwaƙular jar ƙasar. Ta yi tauri kamar dutse. Farcen ya karye, jini ya fito, ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Ya juya a hankali.

Suna zaune a gangaren kwazazzabo, layi-layi, kamar yadda mutanen ƙauye ke zama kewaye da rediyo. Da yawa. Manya da ƙanana. Kowanne ya karkata kai gefe guda yana saurare. Duhu bai bar shi ya ga fuskokinsu ba, sai sheƙin zaren da suka naɗa a wuya da hannuwa.

Ɗaya ta miƙe daga gaba, gajera, a lulluɓe. Ta buɗe baki. Bakin ya tsaya a buɗe, leɓe ba ya motsi, murya tana fitowa.

"Ka yi magana mana. Mun daɗe ba a kawo mana sabon shiri ba."

Muryar Batulu. Muntaka ya cije leɓensa.

"Nata mun haddace. Naka muke so."

Ya ja da baya, ya hau gangaren da hannu ɗaya, ɗayan yana danne da kaset a ƙirji. Ƙaya ta yage masa riga. Ya kai wurin moto, ya buga. Shiru. Ya sake bugawa. Zare ya cika tayar baya, ya naɗe sarƙa, ya shiga ko'ina.

Ya bar moton, ya kama hanya da ƙafa.

A bayansa, shuu, shuu.

Ya san maganin. Kowane yaro a Matamaye ya san shi. A nemi tsari, a karanta Ayatul Kursiyyu, a ɗaga murya. Amma in ya ɗaga murya, Batulu ce za ta tafi.

Ya gwada a zuci. Ya kama farkon ayar, sai muryar ta shigo masa kunne, ayar ta kuɓuce. Ya sake kamawa. Ta sake kuɓucewa.

"Mai Kaset," aka ce a hagunsa, cikin gero.

Sun gyara kuskurensu.

Ya ƙara sauri. Gero yana kaɗawa gefe da gefe, daidai da tafiyarsa. Walƙiya ta haska. Ya ga kawuna sun fi geron tsawo.

Wani abu mai sanyi ya taɓa masa idon sawu. Zare. Ya fizge. Wani ya kama ɗayar ƙafar.

Ya faɗi. Bai yi ƙara ba. Ƙasa ta shiga bakinsa.

Zaren ya hau gwiwa. Ya hau ƙugu. Ana jan sa baya, a hankali, ba gaggawa.

Ya tuna Bushra. Ita kaɗai a gida, da tsohon ciki, ta dafa tuwo tana jiransa. In ya yi shiru, ba uwa ba uba.

Zaren ya kai wuya.

Warin robar ya cika masa hanci. Numfashi yana sauka a ƙeyarsa.

"A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim."

Da ƙarfi ya faɗa, muryarsa na fashewa. Zaren ya saki. A ƙirjinsa ya ji ƙafafun kaset sun fara juyawa.

Ya tashi ya zura da gudu yana karatu. Ya gama ayar, ya yi shiru don ya ceci abin da ya rage. Nan take sanyin ya dawo ƙafarsa. Ya sake ɗaga murya. Falaƙi. Nasi. Ya koma farko. Yana karatu yana kuka, yana jin abin yana juyawa a jikin fatarsa, yana cinye ta kalma bayan kalma.

"Yi haƙuri, Batulu," ya ce a tsakanin ayoyi. Ita ma wannan ta hau.

Babu mai jan sa yanzu. Biye kawai suke, a natse, kamar masu jin shiri mai daɗi.

Ruwa ya tsinke daidai lokacin da ya hango fitilun gari. Ƙafarsa na taka bakin kwalta, shuu ɗin ya yanke. Ya rufe bakinsa da hannu biyu ya zube a gindin wata bishiya. Da ya duba kaset ɗin a hasken walƙiya, zaren duk ya koma ɗaya gefen, saura ɗan siriri. Jar ƙasar ta narke ta bi ruwa, ramin ya buɗe kamar yadda ya bar shi.

Ya kwana biyu yana zazzaɓi. Da ya miƙe ya je Damagaram a motar haya, ya aro rakodar nan ya kawo gida. Ya san abin da ke ciki, amma ɗan Adam bai rabuwa da sa rai. Ɗayar fuskar ya fara gwadawa shi kaɗai, ko da yake ya san tun asali babu komai a kanta. Babu ɗin ne.

Bushra ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta yi wanka, ta sa sabon zane kamar mai jiran baƙuwa. Ya mayar da kaset ɗin farko, ya danna.

"Na'am," in ji rakoda, da muryar ubanta.

Ta dube shi. Bai iya dubanta ba.

Suka zauna suna ji. Haki, ƙarar takalmi, ayoyi a karye, dattijo yana kuka kamar yaro, yana ba matacciya haƙuri. Babu wata murya sai tasa. Ya miƙa hannu zai kashe, ta riƙe hannun. Wurin da Batulu ta yi magana da cikinta ya zo ya wuce, a kansa Muntaka yana Nasi. Shi kaɗai ya san nan ne wurin.

Can ƙarshe kukan ya yanke. Ɗan shuu. Sai wata mace ta ja numfashi, a natse, da fara'a a muryarta.

"To, 'yan uwana mata, lokacinmu ya ƙare. Ni ce taku, Batulu."

Rakoda ta yi ƙwas ta tsaya.

Bushra ta dubi rakodar. Hawaye yana sauka a kan sabon zanen.

"Shi ke nan, Baba?"

"Shi ke nan."

"Sake sa mini."

Ya zaro bik, ya juya kaɗan, ya sake sawa. Ta sa ya maimaita har batir ya mutu.

Allah ya sauke ta lafiya, mace, aka sa mata sunan kakarta. Muntaka bai koma neman motonsa ba, bai kuma ƙara taka ƙofar gidan rediyon ba. Magana ma ya rage ta, sai gaisuwa da salla.

Bayan an yi girbi labari ya fara yawo. Masu amalanke da ke bin hanyar Kurni suka ce da magariba ana jin shirin mata yana tashi daga kwazazzabo, tun daga sallama har rufewa, murya tas kamar yau aka ɗauka. Adnan ma ya kawo zancen a shirinsa na barkwanci, shi da abokin aikinsa suka yi ta dariya. Muntaka ya ji a rediyon maƙwabta, ya tofar da yawu. Waɗanda ta yi wa aiki sun zubar da ita a juji, waɗanda ke jujin kuwa ko kalma ɗaya ba su yar ba.

Ya yi fatan kar labarin ya shigo gidansa. Mata masu zuwa barka suka shigo da shi.

Wata la'asar Bushra tana ba jaririya nono, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Baba, sun ce har wurin da take magana da ni ana ji."

Ta gyara wa jaririyar riƙo, ta ci gaba.

"Wai bayan gonakin gero ne. Ba nisa."

Tun daga ranar Muntaka ya daina zuwa masallaci sallar magariba. Da rana ta yi ja sai ya ja tabarmarsa ya gitta ta a bakin zaure, ya yi sallarsa a nan, ya zauna da carbi har a yi lisha. Takalman Bushra kuwa suna ƙarƙashin tabarmar. Yana zaune yana jin ta a tsakar gida, da goyo a baya, tana ɗaga kwanuka tana nemansu.